Abin da masu mashin suka ce kan doguwar tafiya

Masu mashin a Kwangila da ke Zariya sun tattauna kan ko ƙaramin mashin mai araha zai iya doguwar tafiya, ga abin da na tsinta. Yawanci sun ce zai iya, amma kar ka matsa wa injin 150cc, in ya yi zafi ka tsaya ya huce kai ma ka miƙe ƙafa, don kujerar nan bayan awa biyu sai a hankali, wasu har soso suke ƙara mata.

Inda aka fi daɗewa shi ne kayan gyara. Wani dattijo ya ce ka sayi wanda ko bakaniken ƙauye ya san cikinsa, shi ya sa Boxer ta samu ƙuri'a da yawa, ni ma nan na karkata gaskiya. Ka canza baƙin mai kafin ka tashi, ka ɗaure cen, ka riƙe fulogi da tib da kebur ɗin kuloci. Lokacin hunturu ƙura na toshe filta, a riƙa kakkaɓewa.

Hanyar Jos ta Pambegua da Saminaka kuwa, a fita da asuba, banda tafiyar dare. Hular kwano da takardu dole ne.