Neman shawara: wace irin polo ce za ta karɓi mai tumbi?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah shawara nake nema. Ni tun tasowata yadi da shadda na sani, to yanzu na samu aiki a wani kamfanin rarraba kaya a nan Kano, yini muke a rana muna zagaya shaguna, kafin azahar kaftan ya jiƙe sharkaf, abokan aikina kuma duk polo suke sawa. Waɗanda na saya ɗaya daga wankin farko kwalar ta nannaɗe, ɗayar kuma ta kama ni a ciki don ina da ɗan tumbi, in na yi ruku'u sai in ji iska a bayana. Ya ake gane mai kyau? Kuma zanzaro ake yi ko sakinta ake?

Ɗan Kwari: Wa alaikumus salam. Maigida fara da yadin, tambari daga baya. Ka nemi wadda in ka kusanto da ita ido za ka ga ƙananan ramuka kamar saƙar zuma, iska tana ratsa ta kuma ba ta manne wa jiki, ita ke ɓoye ciki. Mai santsin nan mai sheƙi yawanci roba ce, ga zafi ga riƙe warin gumi. Ka leƙa takardar da ke ɗinke a gefen ciki ka ga auduga nawa ce. Sannan ka ja kwalar da bakin hannun ka saki, in ba su koma yadda suke nan take ba to ajiye masa kayansa.

Tela ne ni: Matsalarka awo ne Malam. Kar ka yarda da L ko XL ɗin da aka rubuta, XL ɗin kayan China sau da yawa bai kai L na Amurka ba. Ka shimfiɗa rigar da ta fi yi maka daidai a gida, ka auna daga hammata zuwa hammata da tef, ka tafi kasuwa da tef ɗin a aljihu, ba abin kunya bane. Ɗinkin kafaɗa ya zauna a kan ƙashin kafaɗa, hannu ya tsaya tsakiyar damtse. Duk wadda aka rubuta slim fit, wato mai kama jiki, ba taka bace. In wadda ta ɗauke cikin ta yi maka yawa a hannu kawo mana mu rage, ragi mai sauƙi ne, ƙari ne ba ya yiwuwa. Kuma a shagon ka ɗaga hannu sama, ka sunkuya kamar mai ruku'u kafin ka biya.

Bazazzagi: Bakano da tumbi ai ba labari bane, a rage gurasa da ƙuli tukunna 😂 Amma maganar gaskiya ka shiga gwanjo, ku kuna da Ƙofar Wambai, mu nan Kaduna Kasuwar Barci muke zuwa, ka yi sammako ranar da ake fasa dila. Gwanjo mai kyau ya riga ya sha wanki, abin da zai tsuke ya tsuke. Ka duba hammata da bayan wuya kawai.

Abu Ammar: Batun sallah, ka nemi wadda bayanta ya fi gabanta tsawo kaɗan, da 'yar tsaga a gefe. Daga wasan tanis aka gaji wannan yankan, daga rigar René Lacoste, ɗan wasan tanis na Faransa mai tambarin kada, wanda ya kafa kamfaninsa a 1933, don kar rigar ta dinga zamewa daga wando. Ta kamfanin Ralph Lauren mai tambarin mahayin doki ɗaya a 1972 ta fito. Mai mahaya biyu U.S. Polo Assn. ce, kamfani daban, kar wani ya ce maka duk ɗaya ne ya tsuga maka kuɗi. Ka kuma sa singileti mai tsawo ka cusa shi a wando, ko rigar ta ɗage kana rufe.

Ɗan Kwari: Zanzaro kam a'a, mai tumbi in ya yi sai bel ya koma ƙarƙashin ciki. Sake ta, ta rufe bel ta sauka kaɗan.

Abu Ammar: In da ofis zai zauna da wandon chinos zanzaron ya fi tsari fa, amma tunda yawon shaguna ne na yarda.

Maman Ilham: Yaya rabin lalacewar polo a wanki ne. A juya ta, a ɓalla maɓallan, ruwan sanyi, kar a jiƙa ta da omo ta kwana kuma kar a murɗe kwalar wajen matsewa. A inuwa ake shanyawa, ranar Kano cinye kala take. Ninkewa ta fi ratayewa a hanga don kafaɗar fitar da ƙaho take. Kala kuma ka guji ruwan toka, gumi kaɗan ya nuna, da mai ratsi a kwance, ƙara faɗi take.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri. Bazazzagi zan rama. Tela wane layi kake, in turo maka wadda ta yi min tsawo?

Tela ne ni: Duba inbox. Amma ka wanke ta tukunna, kar in yanke ta kuma ta tsuke.