Yaya zan gane sukarin mahaifiyata ya hau idan ba ta jin ƙishirwa?

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar likitoci da waɗanda suka taɓa jinyar mai ciwon sukari game da mahaifiyata, wadda ta haura shekara 70 kuma take fama da nau'i na 2 na wannan ciwo.

An koya mini cewa idan sukari ya hau, mutum yakan ji ƙishirwa mai tsanani, ya riƙa yawan fitsari musamman da dare, saboda ƙoda tana fitar da sukarin da ya wuce kima tare da ruwa mai yawa, kuma gani ya yi dishi-dishi. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne Mama ba ta kukan ƙishirwa ko kaɗan, alhali na'urar gwajin sukari takan nuna 250 (a ma'aunin mg/dL) sa'o'i 2 bayan cin abinci, lokacin da ake so ya kasance ƙasa da 180. Abin da nake gani kawai shi ne yawan barci, bushewar baki da rikicewar magana, kuma rikicewar nan ta fi tayar mini da hankali, domin ita ma takan zo idan sukari ya faɗi ƙasa da 70.

Idan tsinken gwaji ya ƙare cikin dare, da me zan bambance hawa da faɗuwa? Kuma a wane mataki ya kamata in garzaya da ita asibiti, tun kafin amai ko haki su fara?