Yatsuna uku na sagewa cikin dare, sai na ajiye almakashi ke nan?

Mai Ɗinki:
Assalamu alaikum. Ni tela ce, kuma yankan yadi ya fi yawa a aikina. Babban yatsana na dama da manuniya da na tsakiya suna sagewa, har su tashe ni daga barci, sai na yarfa hannun kafin ya saki. Allura ma takan suɓuce mini ban ji ba. Likita ya ce jijiya ce ta matse a wuyan hannu, ya tura ni wurin masu taimaka wa mutum ya koma sana'arsa bayan rauni. Me za su yi mini wanda man shafawa bai yi ba? Da ɗinkin nan nake riƙe gida.

Ma'aikaciyar Asibiti:
Wa alaikumus salam. Sannu 'yar'uwa, Allah ya ba ki lafiya. A wuyan hannu akwai wani ƙunƙuntaccen mashigi da jijiyoyi 9 masu lanƙwasa yatsu ke bi, tare da jijiyar da ke kai ji ga yatsun da kika lissafa da rabin na huɗu. In wurin ya kumbura, ita ce take shan matsi. Shi ya sa ɗan autan yatsa yake tsira. Man shafawa ba ya buɗe mashigin.

Abin da muke yi shi ne mu auna miki abin ɗaure wuyan hannu, ki riƙa sa shi da dare na 'yan makonni, don cikin barci ne hannu yake naɗewa ba ki sani ba. Sai motsa yatsu da za mu koya miki. Amma abin da na fi damuwa da shi, ki zo da almakashinki. Mu ga yadda kike riƙe shi, mu ji tsayin teburin yanka, ko yana sa ki karya wuyan hannu. A gwada miki sikari kuma, yana da hannu a wannan ciwon.

Kafinta:
Malama, kada ki jira. Ni injin goge katako mai jijjiga ne ya jawo mini. An sa na kaurara mariƙin kayan aikina, ina ɗan tsayawa ina huta hannu, ban daina aiki ba. Almakashi mai kaifi ko mai sifirin zai rage miki wahala.

Ma'aikaciyar Asibiti:
Haka ne Malam. Sai dai ki duba tudun naman gindin babban yatsa. In ya fara lotsawa, ko sagewar ta daina saki ko da rana, ki koma wurin likita da gaggawa, don a nan ake maganar tiyata.