Residansin haƙori a Abuja: waɗanda suka shiga, yaya ta kaya?

Ƴar Lugbe: Assalamu alaikum yayyena. Saura wata uku in gama bautar ƙasa, kuma gidanmu an rabu biyu. Baba na cewa in shiga residansi, wato horon ƙwarewa da likita ke yi a asibiti bayan ya gama karatu, yayana na cewa in nemi asibitin kuɗi a Wuse in fara tara abin kaina. Shekara shida a jami'a, ɗaya ta hawus job (aikin koyo a asibiti bayan jami'a), ɗaya ta bautar ƙasa, yanzu kuma ana maganar ƙarin biyar ko shida. Don Allah wanda ya taka wannan hanya ya faɗa min abin da idonsa ya gani.

Na Mararaba: Wa alaikumus salam ƙanwata. Albashi dai akwai, bisa tsarin albashin likitocin gwamnati na CONMESS, ba kamar Amurka ba inda da yawa daga masu koyon daidaita jerin haƙora su ne ke biyan makaranta. Amma kuɗin kamar ruwa a kwando yake. Kafin ma a ɗauke ki sai kin ci jarrabawar share fage da ake kira firamare, ta kwalejin horar da ƙwararrun likitoci ta ƙasa da ke Ijanikin a Legas ko ta kwalejin likitocin tiyata ta Afirka ta Yamma. Ni duka biyun na yi, don gudun zama. Na ci, sannan na yi shekara guda da rabi ina jiran a buɗe gurbi. Bayan an shiga kuma ga kwasa-kwasan da dole ka halarta kafin jarrabawar kashi na ɗaya, wadda ake yi a tsakiyar horon, ga kuɗin mota, ga masauki, ga sabunta lasisi duk shekara. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, zirga-zirga daga Mararaba kaɗai ta isa ta sa mutum lissafi da yatsu.

Mai Ɗinkin Muƙamuƙi: Ki fara tambayar kanki wane fanni, domin ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Ni ina tiyatar baki da muƙamuƙi da fuska, kuma sunan likitan haƙori kawai muke amsawa. Sai da na zaga sashen tiyata da na masu sa barci kamar kowane likitan tiyata. Kwanan asibiti kuwa ba a magana. Ƙarfe biyun dare za a kira ka, ɗan acaɓa ya faɗi ba hular kwano, muƙamuƙi ya karye gida biyu, jini na neman toshe masa numfashi. Ka ɗaure haƙoran sama da na ƙasa da waya, ka duba agogo, an kira asuba, takwas kuma kana kilinik. Akwai satin da ƴata ta gan ni sau biyu kacal. Shekaru muka yi alawus ɗin haɗarin aiki na naira 5,000 ne a wata, sai ƙarshen 2021 aka sake duba shi. Abin da ya riƙe ni, ranar da na taimaka aka gyara fuskar wani yaro da cutar noma, mai cin naman baki da fuska, ta cinye wa kunci. Uwarsa ta kasa magana, hannuna kawai ta riƙe.

Maman Biyu: Dakta, Allah ya ƙara lafiya, mu kam muna barci a gida. Ina ɓangaren daidaita jerin haƙora, ba kiran dare. Namu ciwon kan daban ne. Ƙarafunan da wayoyin duk daga waje ake shigo da su, dala na motsawa farashi na bin ta. Aikin mutum ɗaya kan ɗauki shekara biyu, kuma sai kin kammala adadin da ake buƙata a littafin ayyukanki. Wata yarinya na bi ta wata goma sha huɗu, aka yi mata aure aka kai ta Gombe, aikin ya tafi da ita. Sau da yawa ni ke kiran marasa lafiya da katina ina lallashi, har kuɗin mota na taɓa biya wa wani.

Tsohon Ɗan Residansi: Ni na fita. Na faɗi kashi na ɗaya sau biyu, kowane zama da kuɗinsa. Dokar horon residansi ta 2017 ta tanadi asusun da ke ɗaukar nauyin irin wannan, amma a inda na yi sai ka ci bashi ka je ka dawo kafin ka ji ɗuriyar kuɗin. Yanzu ina asibitin kuɗi a Garki, abin da nake samu ya fi na da. Sai dai in aiki mai wuya ya zo, abokin da muka fara tare nake tura wa, shi yanzu kwansaltan ne, wato babban ƙwararren likita, kuma ina jin abin a raina.

Ƴar Lugbe: Na gode ƙwarai yayyena. Yaya Maman Biyu, da yaran kika fara ko a ciki kika haife su?

Maman Biyu: A ciki, ƙanwata. Hutun haihuwa ya ja min jarrabawa baya da wata shida, kuma binciken kashi na biyu, wato jarrabawar ƙarshe, da goyo na rubuta shi. Ki fara karatun firamare tun yanzu da ilimin sassan jiki bai gudu daga kanki ba. Ina da tsofaffin takarduna, ki zo Kubwa ranar Asabar ki ɗauka.