Gonata ta zama faƙo, ƙuduji ya cinye sauran: tassa ko rabin wata?

Mai tambaya (yankin Mai'aduwa): Assalamu alaikum 'yan uwa manoma. Gonata hekta ɗaya da rabi ce. Rabin hekta ya zama faƙo, ruwa sai dai ya gangare ta kansa ya wuce, ko ciyawa ba ta fitowa. Sauran jigawa ce da nake sa gero, amma ƙuduji ya yi mata kaka-gida. Buhun takin zamani ya fi ƙarfina. Ina jin ana batun tassa, rabin wata da sassabin zamani a rediyo. Wanne ya dace da ni? Tumaki huɗu gare ni da jaki, yanzu kuma muna watan Maris.

Manomi daga Tawa: Wa alaikumussalam, Malam. Faƙonka aikin tassa ne, kuma lokacin haƙa ne yanzu, kada ka jira ruwa. Tassa rami ne na tara ruwa da taki, mai faɗin santimita 20 zuwa 30, zurfin 15 zuwa 20. Tsakanin rami da rami santimita 80 zuwa mita ɗaya, layi na biyu ya faɗa a tsakanin ramukan layi na farko, don ruwan da ya kuɓuce wa wannan ya faɗa wancan. Ƙasar da ka tono ka tara ta a gefen gangare, wato ƙasan ramin. Nan mutane ke kuskure: in ka tara ta a sama ka tare ruwan da kake nema.

Kowane rami ka zuba taki ruɓaɓɓe cikin tafin hannu biyu, kamar giram 300, ka yayyafa ƙasa kaɗan a kai saboda iska. Takin zai jawo gara, ita kuwa za ta huda faƙon da ƙananan hanyoyi, ruwa ya samu wurin nutsewa. Kada ka yi binne a ciki. Bari a yi ruwa mai ƙarfi, ramin ya tsotse, sannan ka shuka gero ko dawa, bayan mako biyu zuwa uku ka cire ka bar uku.

Lissafi kuma: tazarar mita ɗaya tana ba da rami 10,000 a hekta, naka 5,000 ke nan, taki tan ɗaya da rabi. Tumaki huɗu ba za su ba ka wannan ba. Fara da abin da takinka zai isa, baɗi ka ƙara. Manoman Illela ta jihar Tawa a Nijar sun ɗauko wannan dabara daga Yatenga ta Burkina Faso a ƙarshen shekarun 1980, kuma kaɗan-kaɗan suka farfaɗo da ƙasar da aka riga aka sallama. A jigawa kada ka gwada, yashi zai rufta ya binne shukar.

Mai tambaya: Na gode, Baba. To rabin watan fa?

Manomi daga Tawa: Shi don inda ruwa ke gudu da yawa ne. Haƙa ce mai siffar rabin wata, faɗin mita biyu zuwa huɗu, bakinsa na kallon inda ruwa ke fitowa, ganuwar ƙasa a baya. Ya fi cin ƙarfi, kuma in gangaren ya yi tsanani ruwa yakan fasa ganuwar ya ja zaizaya. In faƙonka shimfiɗaɗɗe ne, tassa ta wadatar.

Malamin gona daga Daura: Maganar taki ce zan ƙara, don nan aikin zai tsaya ko ya tafi. Ɗanyen kashin dabba a cikin rami yana ƙona tsiro, yana kuma kawo irin ciyawa. Haƙa rami a inuwa, zurfin mita ɗaya. A ƙasa ka shimfiɗa yankakken kara, sai ƙaiƙayi da busasshen ganye kamar taƙi ɗaya, sai kashin tumaki da na jaki rabin wannan, sai toka ɗan yayyafi. Jiƙa kowane hawa, ka maimaita har ya cika, ka rufe da tsohon zana. Toka in ta yi yawa takan kori sinadarin da ke sa ganye kore, za ka ji warin fitsari na tashi.

Soka sanda a tsakiya. Bayan kwana huɗu ko biyar ka zaro: in da zafi, yana dahuwa. In sanyi ne kuma a bushe, ruwa ya yi kaɗan. In yana ɗoyi yana yauƙi, ruwa ya yi yawa, ƙara kara ka juya. Juyi duk bayan mako biyu, cikin wata biyu zuwa uku ya yi baƙi ya marmashe. A tsince leda da tsohon batir daga sharar gida kafin a zuba.

Manomi daga Maradi: Jigawarka kuma sassabin zamani take so, bai cin ko sisi. Kututtukan sabara, kalgo, gawo, aduwa da magarya da kake sarewa ka ƙone kowace bazara, saiwarsu tana raye. A kowane kututture zaɓi reshe uku zuwa biyar mafi ƙarfi da miƙewa, ka cire sauran, ka datse ƙananan rassa har zuwa rabin tsawonsu. Da kaifaffen gatari ko lauje, sara daga ƙasa zuwa sama, don saran sama zuwa ƙasa yana tsaga ɓawo, cuta ta shiga. Gawo ka fi lallaɓawa: da damina yake kaɗe ganye, bai yi wa gero inuwa. Tony Rinaudo, wani masanin noma ɗan Ostareliya, ya fara yaɗa wannan a Maradi a 1983, daga baya aka ƙiyasta ya kai hekta miliyan biyar a Nijar. Matsalarsa awaki da masu saran itace, sai kun haɗa baki da maƙwabta da mai gari. Kuma bar ƙona kara, shimfiɗa shi a gona.

Hajiya mai noman rani da damina: Ɗan'uwa, ƙuduji alamar ƙasa ta gaji ne. Tushe ɗaya na zubar da iri dubbai, irin kuma yakan kwanta a ƙasa fiye da shekara goma. Tuge shi kafin ya yi fure, ka fitar da shi daga gona ka ƙone. Kada ka ba dabbobi, kada ka sa a ramin taki. Raba jigawar biyu: bana gyaɗa ko waken suya a rabi, gero a rabi, baɗi ka sauya. Saiwarsu na sa irin ƙuduji ya tsiro amma bai samun abin kamawa, sai ya mutu. Wake ma yana yi, sai dai shi yana da nasa ƙudujin daban, don haka a nemi iri mai jure masa. Ba a gama da shi a damina ɗaya ba.

Malamin gona daga Daura: Hajiya ta yi daidai, amma ban ga dalilin guje wa takin zamani gaba ɗaya ba. Cikin marfin kwalbar lemo na NPK 15-15-15, kusan giram shida, a kowane rami, kilo 60 ke nan a hekta, naka kilo 30. A gefe za ka sa, ka rufe da ƙasa. In ya taɓa iri kuma ruwa ya ɗauke, zai ƙone shi.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri. Ramin takin zan fara haƙawa gobe, tassa kuma dubu ɗaya bana.

Manomi daga Tawa: Da diga za ka haƙa, fartanya ba ta cin faƙo. Ramukan za su yi maka damina biyu zuwa uku, sai dai ka yashe su ka sabunta taki.