Taƙaitawa: Yawon Shaƙatawa a Ƙananan Jiragen Ruwa na Alfarma

Jama'a, ga abin da na tsamo daga bayananku:

1. Kusan kowa ya yarda ƙanƙantar jirgin ita ce ribarsa. Yana shiga tashoshin da manya ba sa iya shiga. An kawo misalin Antaktika, nahiyar ƙanƙara da ke can ƙarshen kudancin duniya, inda jirgi mai fasinja fiye da 500 ba ya sauke kowa a tudu, kuma mutum 100 kaɗai ke sauka a lokaci guda. Gwamnatin Italiya ma ta hana manyan jirage ratsa tsakiyar birnin Venis tun 2021.

2. Kuɗi: a nan aka rabu. Wasu sun ce tsadar ta halatta tunda abinci da hidima suna ciki. Wasu suka ce sau da yawa yawon tudu da tikitin jirgin sama daban ake biya. Ni dai na fi karkata ga na biyun, a karanta sharuɗɗa tukuna. Mai tafiya shi kaɗai kuma ya shirya biyan ƙari.

3. Ƙaramin jirgi ya fi tangaɗi. Mai jiri ya nemi ɗaki a tsakiya, can ƙasa.

4. Wuraren wasan yara ba su da yawa. Wasu ma abin da ya ja su ke nan.