Asabar ɗaya gare ni: tsohon fim, shagon littattafai ko zaga unguwa?

Ummu Haidar: Salamu alaikum. Babanmu ya zo wurina, Lahadi zai koma, Asabar kaɗai nake da sarari. Akwai silimar da za ta haska tsohon fim baƙi da fari, akwai shagon tsofaffin littattafai, shi kuma sai maganar ganin gari yake yi. Matsalar gwiwa ce, ba ya jure doguwar tsayuwa. Wanda ya taɓa fita da dattijo haka, ina ya fi?

Ɗan Birni: Ku taka sayyada kawai, awa biyu ko uku. Ba a sanin gari ta tagar mota.

Mai Tabarau: Malam, gwiwa fa ta ce.

Kawu: 'Yata, kafin ki yanki tikiti ki tambaye su wane kwafi za su haska. Ni an yi min. Na zaci gyararre ne, ashe kwamfutar wani yaro aka jona. Finafinan da aka yi kafin 1953 hotonsu ba shi da faɗi irin na yanzu, sai suka ja shi da ƙarfi ya cika allo, kowa ya koma gajere mai kumatu. Fassarar da ke ƙasa kuma tana riga baki, ka gama karanta amsa ba a yi tambayar ba. Ana tsakiyar kuka sai ga sanarwar caji ya kusa ƙarewa a goshin jarumar. Na je neman kuɗina, mai tikiti ya ce wai ai haka finafinan da suke. Ni zai gaya wa!

Yar Auta: Kawu ka yi haƙuri, ai da sauƙi, tikitin tsohon fim rabin na sabo ne.

Kawu: Rabi a ina? Ya fi na sabo tsada, wai nuni na musamman.

Ɗan Birni: Ni kyauta na shiga.

Mai Tabarau: Shi ya sa kake da ƙarfin yawo.

Tsohon Mai Majigi: Hajiya, tsawon fim ɗin za ki fara tambaya. In na Indiya ne, ki sa ran kusan awa 3, amma akwai hutun tsakiya, Baba zai miƙe ƙafa. Na Turawa yawanci bai kai haka ba, sai dai ba hutu. Ki nemi kujerar bakin hanya, nesa da matakala.

Ɗan Birni: Baba, naku zamanin na faifan 35mm ne, da ake canjawa duk minti 20. Yanzu ba a yin haka.

Tsohon Mai Majigi: Na'ura ce ta canja, yaro. Gwiwa tana nan yadda take.

Ummu Haidar: To shagon littattafan fa? Ba wanda ya ce komai.

Yar Auta: Anti, wanda na sani ko kujera babu, kuma mai shagon yana bin ka a baya kamar ka zo sata.

Mai Tabarau: Yana da gaskiya. Ni waɗanda suka kwashe min littattafai duk da sallama suka shigo. "Aro, sati ɗaya."

Kawu: Kada ka tuna min. Nawa na gani a shagon tsofaffin littattafai, da sunana a shafin farko, kuma sai da na biya. Wanda na ara wa yana cikin nan, yana karantawa.

Ɗan Birni: Wane launi ne bangon?